Wane littafi za mu miƙa wa ɗan shekara 15 a wannan dogon hutu?

Malamar Hausa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan wani aiki da muka ɗauko ni da wasu abokan aikina. Hukumar makarantar da nake koyarwa a nan Kaduna ta amince ta bar mana aji ɗaya a buɗe a lokacin dogon hutun da ke tafe, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, domin mu mayar da shi ɗan ƙaramin ɗakin karatu na matasa, maza da mata, daga shekara 13 zuwa 18. Muna da bencina da allo, wani bawan Allah kuma ya yi alkawarin kabad mai makulli. Abin da ya rage shi ne littattafan da suka dace da masu waɗannan shekaru. Da na duba abin da jama'a suka tara mana, sai na tarar kashi biyu ne kawai: ko dai littattafan firamare masu manyan haruffa da hotuna, waɗanda ɗan aji huɗu na sakandare zai ji kunyar a gan shi riƙe da su, ko kuma tsofaffin littattafan tambayoyin jarrabawar WAEC da JAMB. To, waɗanne ƙagaggun labarai za mu nema, na Hausa da na Turanci, waɗanda matashi zai ɗauka da kansa ba tare da an tsaya a kansa ba? Sannan ban da zama a yi shiru ana karatu, me za mu riƙa yi da su da zai sa su dawo mako mai zuwa?

Tsohon Ma'aikacin Laburare, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Shawarata ita ce ku fara da abin da aka haifa a nan kusa da mu, a Zariya, domin da yawa daga cikin yaranmu sun san sunayen littattafan amma ba su taɓa buɗe su ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, kuma daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Dukkansu gajeru ne, wannan kuwa babbar fa'ida ce ga yaron da bai taɓa kai wani littafi ƙarshe ba.

Idan ni ne, Ruwan Bagaja zan fara ɗorawa a kan teburi. Labarin Alhaji Imam ne da ya fita duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma abin da ke riƙe yara shi ne yadda shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke ta shirya wa juna makirci daga wannan gari zuwa wancan. Ban taɓa karanta shi a gaban yara ba tare da an ɓarke da dariya ba. Shaihu Umar kuwa na waɗanda suka ɗan girma ne, saboda maganar bauta ce da satar yaro da ƙetare hamada, ga kuma uwa da ta bi sawun ɗanta har ta sha wahalar da ba ta misaltuwa. An ma mayar da shi fim a 1976. Magana Jari Ce, wanda ya fito a juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, kada ku ba yaro shi gaba ɗaya. Ku riƙa ɗaukar labari ɗaya daga cikin waɗanda aku yake bai wa Musa ɗan sarki, a karanta shi a zama ɗaya, domin dama a haka aka gina littafin. Ku ƙara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa saboda masu son jarumtaka, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, inda aka ɗauki wani yaro mai suna Kilba aka yi sararin samaniya da shi. Yaran da ke ganin labarin taurari sai a finafinan Amurka sukan yi mamaki idan suka ga an rubuta irinsa da Hausa tun kafin a haifi iyayensu.

Baban Yara, Kawo:
Na goyi bayan jerin da Baba ya kawo ɗari bisa ɗari, kuma da za a tsaya a kansa da na fi kowa farin ciki. Sharaɗina ɗaya ne kafin in turo yarana: kada a shigo da littattafan soyayya, irin waɗanda ake kira adabin kasuwar Kano. Yarinya 'yar shekara 14 ba ta da abin da za ta ƙaru da shi a labarin saurayi mai mota da budurwa mai kuka. Muna fama da abin da waya take shigo mana da shi har cikin ɗaki, bai kamata kuma a ce wurin da malamai suka buɗe shi ma ya zama wata ƙofar ba.

Ɗalibar Jami'a, Rigasa:
Ina gaida iyayena. Alhaji, tare da girmamawa, ina so in faɗi abin da na sani daga wajen ƙannena da ƙawayensu, domin ban daɗe da barin waɗannan shekaru ba. Ba gaskiya ba ne cewa matasanmu ba sa karatu. Yarinyar da ake cewa ba ta iya zama da littafi ita ce take kwana tana bin labari mai babi sittin a WhatsApp ko Wattpad a wayar yayarta, har ta tara kuɗin tara ta biya a saka ta a rukunin da ake sakin ci gaban labarin. Wasu daga cikin waɗannan labarai suna da kyau, wasu kuma, wallahi, ko babba zai ji nauyin karanta su, kuma babu edita ko malami da ya duba su kafin su iso hannunta. Saboda haka idan aka ce babu soyayya a ɗakin karatun Malama, ba a raba yarinyar da labarin soyayya ba, an dai bar ta da mafi muninsa ita kaɗai a cikin duhu, babu wanda za ta tattauna da shi.

Kuma ba duk abin da aka jefa cikin wannan suna ne shirme ba. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito ne a 1980 ta hannun kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya bayan wata gasa da kamfanin ya shirya, kuma shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin soyayya ne, amma a cikinsa akwai rayuwar Fulani da tambayar ko yarinya tana da ta cewa a kan wanda za ta aura. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu kuwa labarin yarinya ce da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, daga baya ta koma karatu ta tsaya da ƙafafunta. Ni wannan littafi ne ya sa na fara kallon zuwa makaranta a matsayin abin da za a iya ƙwace mini, ba abin da ake tilasta mini ba. Idan Alhaji ya karanta shi ya ga bai dace da 'yar shekara 16 ba, zan so in ji dalilinsa.

Game da jerin Baba kuma, ina ƙaunar Ruwan Bagaja, sai dai a lura cewa a duk littattafan da aka ambata babu ko ɗaya da yarinya ce jarumarsa. Rabin waɗanda za su zo mata ne.

Tsohon Ma'aikacin Laburare, Unguwar Rimi:
'Yata, maganarki ta ƙarshe tana kan hanya, kuma dalilin a bayyane yake, domin maza ne suka rubuta su a zamanin da makarantar boko ta 'yan mata ba ta yaɗu a Arewa ba. Sai a cike giɓin da rubutun matan da suka zo daga baya. Ina tuna wa Malama cewa sashen Hausa na BBC yana shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata tun daga 2016, kuma ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo. Gajeru ne, a kan rayuwar yau suke, kuma sun bi ta hannun alƙalai.

Baban Yara, Kawo:
Ban ƙi a kawo rubutun mata ba, kuma ban ce duk marubutan Kano ɓatattu ba ne. Abin da nake gudu shi ne a buɗe ƙofa da littafi mai kyau ɗaya, sannan goma marasa kyau su biyo bayansa a cikin kwalin sadaka, babu wanda ya duba. Wane ne zai zauna ya karanta kowane littafi kafin a ɗora shi a kanta? Malamai uku ne kawai, kuma su ma hutu suke yi.

Uwar 'Yan Mata, Badarawa:
Alhaji ya yi tambaya mai ma'ana, amsarta kuma mu ne iyaye. Idan littattafan farko ba su wuce hamsin ba, a raba su tsakanin mutum biyar ko shida masu son karatu, kowa ya karanta nasa kafin a buɗe, ya rubuta a cikin bangon da fensir shekarun da yake ganin littafin ya dace da su. Ni na ɗauki nauyin na Hausa guda goma, kuma ina roƙon Alhaji ya ɗauki wanda ɗiyarmu ta Rigasa ta ambata, tunda shi ne mai shakka. Duk littafin da aka kawo daga baya ya jira a cikin kwali har sai wani ya karanta shi.

Amma ni damuwata ba ta littafi ba ce, ta lokaci ce. Malama, idan kuka sa zaman da yamma bayan la'asar, to, kun rufe wa 'yan mata ƙofa ba ku sani ba, domin lokacin Islamiyya ne, wadda ba ta zuwa Islamiyya kuma tana kan girkin dare ko tana riƙe da ƙaninta. Safiyar Asabar da Lahadi ma yawancin makarantun Islamiyya da na hadda suna karatu. Abin da na ga zai yiwu shi ne ranakun mako da hantsi, daga ƙarfe 10 zuwa azahar, lokacin an gama shara da wanke-wanke. Ku tuna kuma Agusta ce, tsakiyar damina, kuma duk wanda ya san Kaduna ya san yadda wasu layukan unguwanninmu suke komawa idan aka kwana ana ruwa. Yarinyar da za ta hau Keke Napep sau biyu kafin ta iso ba za ta riƙa zuwa kullum ba. Kwana biyu a mako da aka tsayar, kowa ya san su, sun fi kwana biyar da za a fara da zafi a watse a mako na biyu. Sannan lallai a samu mace babba a wurin a kowane zama, a kuma sanar da mai unguwa tun kafin a fara, saboda kada wata rana a wayi gari da jita-jitar cewa ana tara samari da 'yan mata a aji ba a san abin da suke yi ba.

Malamin Turanci, Barnawa:
Ina yi wa kowa sallama. Bari in taɓa ɓangaren Turanci, tunda Malama ta tambaya kuma ba a kai gare shi ba. Kuskuren da aka saba yi shi ne a fara da littattafan da ke cikin manhajar jarrabawa, alhali yaro ya riga ya haɗa su da bulala da maki. Gara a fara da gajerun littattafan da aka rubuta domin matasa tun asali. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960, a Arewa aka gina labarinsa, akwai jirgin ƙasa da ɗaukar fansa da wani mutum da ya ƙarar da rayuwarsa yana farautar wanda ya raba shi da matarsa, kuma yaro mai matsakaicin Turanci zai iya gama shi a kwana biyu. Chike and the River na Chinua Achebe ya dace da ƙananan cikinsu, 'yan 13 da 14. Idan an dace da tsofaffin littattafan jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan a wajen masu sayar da na hannu, a kwashe su, musamman The Undesirable Element na Mohammed Sule, wanda ya fito a 1977 kuma ɗan Arewa ne ya rubuta shi tun yana matashi. Wannan bayani kaɗai yakan sa yaro ya gyara zama. Ga 'yan mata akwai The Virtuous Woman na Zaynab Alkali, labarin wasu 'yan mata a kan hanyarsu ta zuwa makarantar kwana, wanda ya amsa koken ƙanwarmu ta Rigasa.

The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, da yake JAMB ta yi shekaru tana amfani da shi, kusan kowane gida akwai kwafinsa a yashe, kuma labarin ya shafi rayuwar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, saboda haka ba sai an kashe kuɗi a kansa ba. Masu son labaran tsafi da abubuwan al'ajabi kuma akwai Akata Witch na Nnedi Okorafor, wanda jarumarsa yarinya ce zabiya a Najeriya, sai dai wannan yana cikin waɗanda ya kamata kwamitin Hajiya ya fara dubawa, domin na san akwai iyayen da ba za su so shi ba, Musulmi da Kirista.

Akwai kuma wanda ba ƙagagge ba ne amma ina ganin dole a same shi, wato The Boy Who Harnessed the Wind, tarihin William Kamkwamba na ƙasar Malawi. Yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar da shi a gida yana ɗan kimanin shekara 14, sai ya riƙa zuwa wani ɗan ƙaramin laburare, ya ga hoton injin da iska ke juyawa a wani littafin kimiyya, ya tattara tarkacen keke da na bola ya haɗa nasa har ya kunna ƙwan lantarki a gidansu. Akwai bugun da aka sauƙaƙa domin matasa. A garin da yara ke girma da ɗaukewar wuta, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne kada a manta Kaduna ce. Ɗalibaina na Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri suna jin Hausa kamar kowa, amma da yawansu ba su taɓa karanta shafi ɗaya da ita ba, kuma akwai yaran Tudun Wada da ba su da aboki ko ɗaya a ƙetaren kogi. Idan abin ya kankama, zan so in kawo wasu daga cikin nawa sau ɗaya a yi zama tare.

Malamar Hausa, Tudun Wada:
Malam, muna maraba da su, kuma zan sa wannan a cikin abin da za mu gaya wa iyaye tun farko. Hajiya, na karɓi maganar hantsi da kwana biyu a mako. Yanzu saura tambayata ta biyu, domin ina tsoron kada mu tara littattafai masu kyau yara su zo rana ɗaya su leƙa su tafi.

Tsohon Ma'aikacin Laburare, Unguwar Rimi:
Abin da na gani a tsawon aikina shi ne, ɗakin karatu a garin nan yakan cika maƙil daga Maris zuwa Yuni, kowa da littafin lissafinsa da ya zo da shi daga gida, da an gama jarrabawa kuma sai kujeru su koma wayam. Matasanmu sun ɗauki laburare a matsayin wurin da ake samun shiru da fanka, ba wurin da ake samun labari ba, kuma laifin ba nasu ba ne, domin abin da muka nuna musu ke nan. Saboda haka kada ku fara da dokar yin shiru. Ku raba zaman gida biyu. A rabin sa'a na farko babba ya karanta a bayyane, da murya mai rai, ya tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi, ya rufe littafin ya ajiye a kan teburi. Za ku ga hannaye sun yi kansa. Mu da muka girma muna sauraron wasannin kwaikwayo a Rediyon Kaduna mun san cewa kunne ne yake jawo Bahaushe zuwa ga labari kafin ido. Bayan nan sai a bar kowa ya zaɓi abin da yake so ya karanta shi kaɗai, kuma kada a yi masa tambayoyin jarrabawa a kai. Wanda ya fara littafi bai ji daɗinsa ba, a bar shi ya mayar ya ɗauki wani.

Wasan kwaikwayo ma yana aiki ƙwarai ga masu wannan shekaru. Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, an rubuta su ne domin a raba matsayi a yi su da baki, kuma yaron da ke in'ina idan aka ce ya karanta sakin layi yakan saki jiki idan aka ce shi ne alƙali ko maroƙi. A ɓangaren waƙa kuma a gwada musu baitocin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau, a rera su yadda ake rerawa, ba a karanta su kamar labarai ba.

Maganar aro ita ce mai wuya. Ra'ayina shi ne a ba da aro, littafi ɗaya na mako ɗaya, a rubuta suna da unguwa da lambar wayar uba ko uwa a rajista. Wasu za su ɓace, wannan babu makawa. Amma littafin da ya shiga gida mutum huɗu ko biyar ne suke karanta shi, har da uwar da ba za ta taɓa zuwa ajin ba, wanda aka kulle a kabad kuwa gara ce kawai take amfana da shi.

Mai Sayar da Littattafai, Tudun Nupawa:
Baba, a nan kam zan ɗan saɓa maka. Ka yi aiki a inda gwamnati ke sayen littafi, Malama kuwa da kuɗin aljihu za ta saya, ga takarda ta yi tsada. Idan kwafin Ruwan Bagaja ɗaya ne tak kuma ya tafi bai dawo ba, karatun bayyane na mako mai zuwa ya rushe. Shawarata ita ce duk littafin da kwafinsa ɗaya ne ya zauna a aji, wanda ya kai biyu ko uku shi ake bayarwa aro. Kafin a fara kuma a sa yaran da kansu su naɗe bangon kowane littafi da leda mai kauri ko takardar kalanda, su ɗinke waɗanda suka fara ɓallewa da zare da allura, su buga lamba. Mu da muka yi zamanin hayar littafi mun san cewa wanda aka ɗinke yakan zaga unguwa guda bai yage ba, kuma yaron da ya ɗinke littafi da hannunsa ba ya yarda wani ya wulaƙanta shi.

Game da samuwa, tsofaffin littattafan Zariya irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ba su da wuyar samu saboda makarantu suna nemansu. Tauraruwa Mai Wutsiya da littattafan Pacesetters sai an tona, kuma na fi sa ran a same su a akwatunan gidajen tsofaffin malamai fiye da kasuwa. A yi sanarwa a masallatai da coci-coci, amma a faɗi sunayen da ake nema ƙarara, in ba haka ba za a sake cika ku da tsofaffin littattafan jarrabawa. A kula kuma da bugun jabu, wanda shafukansa suke a birkice ko tawadar ta dusashe, domin babu abin da ke kashe wa yaro gwiwa kamar ya kai tsakiyar labari ya tarar shafi takwas babu.

Ɗalibar Jami'a, Rigasa:
Ina so in ƙara abu biyu a kan ayyukan. Na farko, a ba su dama su rubuta nasu. Da yawa daga cikin 'yan matan nan suna da labarai a bayan littafin rubutunsu na makaranta, suna ɓoyewa. A sa gasar gajeren labari na shafi biyu, da Hausa ko Turanci, a kan abin da ya faru a unguwarsu, a karanta waɗanda suka fi kyau a zaman ƙarshe. Ranar Hausa ta Duniya tana faɗowa 26 ga Agusta, cikin hutun ke nan, sai a haɗa da ita, a gayyaci iyaye. A nan ne kuma Malama za ta samu hanyar koya musu ƙa'idojin rubutu ba tare da ya zama darasi ba, domin waya ta lalata mana raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa, har mutum ya rubuta kofa yana nufin ƙofa.

Na biyu, a fita da su ko sau ɗaya. Gidan Arewa yana nan cikin gari, inda Sardauna ya zauna, yanzu kuma cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello mai ɗakin karatu da kayan tarihi, kuma yaron da ya karanta Ganɗoki ko Shaihu Umar zai kalli abin da ke wurin da wani ido daban. Garin nan ne kuma ya karɓi bikin littattafai da fasaha na KABAFEST tun daga 2017, inda marubuta daga ƙasashe daban-daban suka zo, amma yawancin yaran unguwanninmu ba su taɓa ganin marubuci ido da ido ba. Akwai marubutan Hausa da yawa a Kaduna da Zariya, kuma na tabbata idan aka gayyaci ɗaya zai zo ya zauna da su na sa'a guda.

Baban Yara, Kawo:
Fita da yara tana buƙatar mota da takardar izinin iyaye, kuma a halin da ake ciki ni ba zan sa hannu a kan tafiya Zariya ba, amma cikin gari babu laifi, zan ma iya bayar da motata. Gasar rubutu kuma na yarda da ita. Hajiya, na karɓi aikin da kika ɗora mini, a aiko mini da Wa Zai Auri Jahila? in karanta. Sai dai ina nan a kan bakana game da sauran. Idan na ga wannan ya dace, shi kaɗai na amince da shi, ba duk abin da ke da hoton budurwa a bango ba, kuma ina so a ware kantar 'yan 16 zuwa sama daban da ta ƙanana.

Uwar 'Yan Mata, Badarawa:
Ware kanta abu ne mai sauƙi, Alhaji, sai dai ka san da zarar an ce wa 'yar shekara 13 wancan ɓangaren ba nata ba ne, can idonta zai koma. Na fi son a bar su a kabad ɗaya, shekarun suna rubuce a ciki, mai riƙe da rajista ita za ta duba kafin ta miƙa.

Malamar Hausa, Tudun Wada:
Na gode muku ƙwarai, iyayena da 'yan uwana. Ga abin da zan kai wa abokan aikina: Talata da Alhamis, daga ƙarfe 10 zuwa azahar, karatun bayyane da farko, kuma da Ruwan Bagaja za mu buɗe. Aro sai ga littafin da ya wuce kwafi ɗaya, kamar yadda Malam na Tudun Nupawa ya ce, ko da yake na san Baba bai gamsu ba. Zaman farko na naɗe bango ne da ɗinki. Maganar kanta ɗaya ko biyu na bar ta sai masu karantawa sun dawo da littattafan mun ga yawan waɗanda aka rubuta wa 16 zuwa sama, domin idan uku ne kawai babu abin da za a ware. Alhaji, littafinka zai iso Kawo ranar Juma'a in Allah ya yarda. Baba, idan akwai kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya a akwatinka, muna roƙon aronsa.

Tsohon Ma'aikacin Laburare, Unguwar Rimi:
Akwai shi, Malama, amma kwafi ɗaya ne, saboda haka bisa dokar da kuka kafa yanzu ba zai fita daga aji ba. Ki turo yaro ya karɓa bayan sallar Juma'a, ya zo da leda saboda ruwa.